Idan Maigida Ba Ya Nan: Wane Irin Horo Shugabannin Kasuwanci a Gombe Suke Bukata?

Tsakure

Wannan takarda ta dubi horon da ake ba masu kamfanoni da manyan 'yan kasuwa a garin Gombe, ta auna shi da binciken da aka yi a Nijeriya da Togo da Kenya da Indiya, da kuma tarihin fataucin Hausawa. Matsayinta shi ne, ana gane ci gaban shugaban kasuwanci daga yadda harkarsa take tafiya ranar da ba ya nan, don haka horon da ya cancanci kuɗi da lokaci shi ne wanda zai fitar da sanin da ke kansa zuwa takarda da hannun waɗansu.

Garin da buɗe shago ba ya wuya

Gombe gari ne da kasuwanci ya raina. Tun da hedikwatar masarauta ta dawo nan daga Nafada a 1919, auduga da gyaɗa da hatsi suke jawo mutane, kuma unguwar BCGA har yau tana ɗauke da sunan ƙungiyar Turawan da ta riƙa sayen auduga tana gurzarta. Jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960 a hanyarsa ta zuwa Maiduguri, kamfanin siminti na Ashaka ya fara aiki a 1979, sannan ranar 1 ga Oktoba 1996 aka yanke jihar daga Bauchi, garin ya zama babban birni. Jihar ta yi iyaka da sauran jihohi biyar na Arewa maso Gabas, rikicin Boko Haram kuma ya koro 'yan kasuwa da jarinsu daga Borno da Yobe suka zauna a nan. Unguwar Federal Low-Cost da muke ciki shaida ce. Gidaje ne masu sauƙin kuɗi aka gina don mazauna, yau ga bakin titunanta cike da kantuna da kemis-kemis da makarantun kuɗi da ofisoshi. A 2021, da kuma 2023, majalisar fadar shugaban ƙasa mai kula da sauƙaƙa harkokin kasuwanci ta sa Gombe a matsayi na ɗaya cikin jihohi.

Wannan yabo ya shafi sauƙin fara harka da hulɗa da hukuma. Bai ce komai ba game da abin da ke faruwa bayan harkar ta kafu. Duk wanda ya daɗe a garin nan zai iya lissafa manyan gidajen kasuwanci da suka yi tashe, maigida yana faɗuwa ciwo ko ya rasu, kafin a yi shekara biyu sito ya zama kango, motoci sun zube a bakin gareji. Da wuya a ce rashin jari ne ya kashe irin waɗannan, domin su ne masu jarin. Abin da ya kashe su shi ne komai na harkar a kan mutum ɗaya yake: farashin sari, sunan wanda ake bi bashi da wanda yake bin gidan, dilan da za a kira a Kano ko Onitsha, lokacin da ya kamata a saki hatsin da aka ɓoye. A ganina wannan ita ce matsalar da horon shugabannin kasuwanci ya kamata ya tunkara, kuma ita ce bitocinmu suka fi tsallakewa.

Abin da bincike ya nuna game da bita

Siffar bitar da aka saba da ita sananniya ce: kwana biyu ko uku a ɗakin taro na otal, malami ya zo daga nesa da majigi, a raba jaka da alƙalami, a yi hoto, a ba da takardar shaida. Ba a cika komawa shago bayan wata shida a duba ko wani abu ya canja ba. Inda aka duba, sakamakon bai kai yadda ake zato ba. David McKenzie na Bankin Duniya da Christopher Woodruff sun tattara gwaje-gwajen da aka yi kan horon kasuwanci a ƙasashe masu tasowa, suka wallafa a 2014 cewa mahalarta sukan ɗauki kaɗan daga abin da aka koya musu, kuma a yawancin gwaje-gwajen ba a ga canji tabbatacce a riba ko ciniki ba. A unguwar Dandora ta Nairobi, Wyatt Brooks da Kevin Donovan da Terence Johnson sun raba mata masu ƙananan sana'o'i, waɗansu aka sa su aji, waɗansu aka haɗa kowacce da gogaggiyar 'yar kasuwa mai irin sana'arta. Aji bai ƙara riba ba. Waɗanda aka haɗa da uwar ɗaki ribarsu ta ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari, mafi yawa saboda an nuna musu inda ake samun sari da araha. Sai dai da aka daina haɗuwa, ƙarin ya dusashe.

Gwajin Lome ta ƙasar Togo, wanda aka wallafa a mujallar Science a 2017, ya fi kusa da batun gyaran halin shugaba. An raba ƙananan 'yan kasuwa 1,500 gida uku. Kashi ɗaya aka koya musu darussan da aka saba, wato lissafi da talla da sarrafa kuɗi. Kashi na biyu aka yi musu horon da masanin halayyar ɗan Adam Michael Frese ya tsara, wanda ke koyar da fara abu ba sai an tilasta ba, hangen matsala kafin ta iso, da jure cikas. Kashi na uku ba a yi musu komai ba. Cikin shekara biyu ribar kashi na biyu ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, ta kashi na farko kuwa da kashi 11, wanda masu binciken suka ce bai kai ƙarfin da za a dogara da shi ba. Wato horo yana aiki, amma wanda ya taɓa ɗabi'ar mai harka ya fi wanda ya tsaya ga cika masa kai da darasi.

Iyakar mutum ɗaya

A tsaya a dubi safiyar wani maigida mai sito a Tudun Hatsi da injin casar shinkafa a gefen gari. Makullan sito suna aljihunsa. Wayarsa ba ta minti biyar ba ta yi ƙara ba: direba ya tsaya a Kumo yana son kuɗin faci, yaro yana tambayar ko a rage wa mai saye ɗari biyar a buhu, mai injin yana cewa bel ya tsinke. Alat ɗin ciniki a asusunsa na kansa yake shiga, daga nan ake biyan kuɗin makarantar yara da gudummawar biki da kuɗin sarin gobe. Littafin bashi yana nan, amma rabin abin da ke ciki suna ne da lamba ba kwanan wata, sauran kuma “Alhaji ya sani”. Wannan mutum ba jahilin kasuwa ba ne. Ya fi duk malamin da zai zo masa da majigi sanin masara da wake. Amma harkarsa ba za ta wuce abin da idonsa zai iya gani a wuni ɗaya ba, kuma idan ya tafi aikin Hajji na wata guda, da rabin ƙarfinta take tafiya.

Irin wannan aka tarar a masaƙun da ke kusa da Mumbai ta Indiya, a binciken Nicholas Bloom da abokan aikinsa da aka wallafa a 2013. Kamfanonin na iyali ne, masu ɗaruruwan ma'aikata. Aka tura ƙwararru suka zauna a cikin waɗansu masana'antun na tsawon watanni suna dasa ayyuka 38 na tsari, irin su rubuta aibin da aka samu a yadi kullum, sanin adadin zaren da ke sito, da gyaran inji kafin ya lalace. A shekarar farko ingancin aiki, wato abin da ake samarwa idan an auna shi da ma'aikata da jarin da aka sa, ya ƙaru da kashi 17 cikin ɗari. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne bayanin dalilin da ya hana kamfanonin girma tun farko. Masu su ba sa yarda su bar yanke shawara ga wanda ba ɗan gida ba, saboda tsoron sata, har ya zama yawan masana'antun mutum yana bin yawan 'ya'ya maza da 'yan'uwan da yake da su. Da rubutu ya samu, mai kamfani yana iya duba takarda ya san abin da ya faru jiya ba tare da ya tsaya a wurin ba, sai ya fara sakar wa manajoji hannu, waɗansu har suka buɗe sababbin masana'antu. Duk wanda ya san kasuwannin Arewa zai gane wannan hoto.

A Nijeriya ma an gwada. Stephen Anderson da McKenzie sun ɗauki ƙananan kamfanoni 753, suka kwatanta hanyoyi huɗu: a horar da mai kamfani, a turo masa mai ba da shawara, a taimaka masa ya ɗauki akanta ko mai talla aiki, ko a haɗa shi da kamfanin da zai riƙa yi masa wannan aiki daga waje. Sakamakon da suka wallafa a 2022 ya nuna hanyoyi biyu na ƙarshe sun fi horo gyara tsarin aiki, kuma sun yi daidai da mai ba da shawara a kan rabin kuɗinsa. Ashe ba dole ba ne maigida ya zama akanta. Abin da ya wajaba ya koya shi ne yadda zai ɗauki akanta, ya buɗe masa littafi, ya karanta abin da ya rubuta, ya kuma jure jin cewa reshen da yake alfahari da shi asara yake yi. Wannan na ƙarshe ya fi sauran wuya, domin a nan ne horon sana'a yake komawa tarbiyyar zuciya. Mutumin da ya tara dukiya da guminsa, ana durƙusa masa ana gaishe shi, ba ƙaramin abu ba ne yaron da ya haifa ya ce masa, “Ranka ya daɗe, wannan kuɗin na kamfani ne, sai an rubuta.”

Gadon da muke da shi

Ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe ya gudanar da harka da hannun wasu. Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da Paul Lovejoy ya yi nazarinsu a littafinsa na 1980, ayari suke tafiya ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, kowa da aikinsa. Abner Cohen ya nuna a 1969 yadda masu gida a unguwar Sabo ta Ibadan suke riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Kudu da Arewa ta hannun dillalai da yaran gida da malaman lissafi, ana ba da shanu bashi bisa lamunin maigida. Emmanuel Grégoire ya tarar a Maraɗi cewa Alhazai suna auna mutum da arzikin mutane, wato yawan barorin da zai iya aika wa da kuɗi su je su dawo, waɗanda daga baya yake ba su jari su tsaya da ƙafarsu. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da wakilai ya mamaye sayen gyaɗa, kuma kamfanin da ya bari bai watse da rabon gado ba: Ahmadu ya riƙe, bayan rasuwarsa a 1960 Aminu ya karɓa ya ja shi shekaru masu yawa.

Wannan tsari makaranta ce ta gaske, kuma shi ne ainihin abin da gwajin Dandora ya sake ganowa. Amma ƙarfinsa ya dogara ga abin da yanzu ya yi rauni. A Sabo ta wancan lokaci wanda ya ci amana ba shi da wurin zuwa, domin masauki da masallaci da aure da ciniki duk a hannun jama'a ɗaya suke. Yau yaro yana iya kwashe kuɗin ciniki ta waya ya kwana a Abuja ya canja layi. Zumunci da kunya ba su isa su tsare amana su kaɗai ba, dole rubutu ya tallafa musu. Kuma rubutun nan ba ɗabi'ar aro ba ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. A fiƙihun Malikiyya ɗan kasuwa mai juya kaya yana yi wa hajarsa kima sau ɗaya a shekara, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran karɓa, sannan ya fitar da zakka. Wanda bai san abin da ke sitonsa ba, zakkarsa ma kintace ce. Ƙiradi kuwa, inda mai jari yake ba mai aiki kuɗi a raba riba bisa kason da aka yanka tun farko, ba ya yiwuwa sai an rabe uwar kuɗi da riba. Mai horar da 'yan kasuwar Gombe da ya fara daga nan zai samu kunnen da majigi ba zai samar masa ba.

Amsa ga masu ja

Za a ce matsalar ɗan kasuwarmu jari ce, a ba shi kuɗi a ga aiki. Akwai gaskiya a ciki, kuma hujjar daga ƙasar nan take. Gasar YouWiN da gwamnatin tarayya ta fara a 2011 ta ba mutum 1,200 tallafi a zagayen farko, kimanin dala 50,000 kowanne idan an daidaita, kuma da yake an zaɓi da yawa daga cikinsu ta hanyar ƙuri'a, an iya auna tasirin. McKenzie ya tarar bayan shekara uku waɗanda suka samu sun fi takwarorinsu dorewa, sun kuma fi su kaiwa ga ma'aikata goma. To amma waɗannan mutane ne da aka tace daga kusan 24,000, kowanne ya rubuta tsarin kasuwancinsa, kuma kashi-kashi aka riƙa sakin kuɗin ana duba aiki. Jari ya yi amfani a hannun wanda ya riga ya iya sa harkarsa a takarda. Ban da haka, takardar nan tana magana ne kan waɗanda suka riga suka tara, waɗanda banki ko mai zuba jari yake juya musu baya saboda babu littafin da za a duba.

Za a kuma ce duk yaron da ka koya wa sirrin harka, gobe zai buɗe tasa a gabanka ya janye maka abokan ciniki. Yana faruwa. Amma yaron da aka hana sani ma tafiya yake yi, da fushi kuma, bayan ya koyi abin da zai koya ta leƙe. Alhazan Maraɗi sun mayar da wannan tafiya riba: baran da aka sallama da jari yakan zama mai saye a wurin ubangidansa, ko wakilinsa a wani gari. Abin da ya rage wa maigidan yau shi ne ya yanka wa'adi da kaso tun farko, a rubuce, yaro ya san ranar da zai samu nasa.

Ja na uku ya fi nauyi, kuma ba a cika faɗinsa a zauren taro ba. Mutane da yawa suna ƙin rubutu da gangan. Littafin da ya nuna riba zai iya kaiwa ga jami'in haraji, ko ga dangi masu ganin an samu, ko ga miyagu a zamanin da ake sace mutum don kuɗin fansa. Wannan tsoro ba wauta ba ce, kuma duk mai horon da ya yi masa dariya ya rasa ɗalibinsa. Amsar ita ce rubutu daban, tallata shi daban. Lissafin da maigida da akantansa da magajinsa kaɗai suke gani ya wadatar ga abin da ake nema a nan. Kuma sirrin da ake taƙama da shi ya riga ya ragu: tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ciniki mai yawa ya koma tiransifa da na'urar POS, banki yana da tarihin kuɗin da mai su ba shi da shi. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira da ta biyo baya, farashin sari ya riƙa canjawa cikin mako, wanda ba ya lissafi yana iya sayar da kaya da “riba” ya koma kasuwa ya tarar kuɗin ba za su mayar da abin da ya fitar ba.

Akwai kuma mai cewa gyaran ba ya dorewa. Bloom da abokansa sun koma masaƙun Indiya bayan kusan shekara tara, suka tarar an watsar da kimanin rabin ayyukan da aka dasa, galibi saboda manajan da ya koya ya bar aiki ko shugabanni ba su da lokacin bibiya. Duk da haka masana'antun da aka gyara suna gaban waɗanda ba a taɓa ba. Darasin da na ɗauka shi ne tsarin da ya tsaya a kan manaja ɗaya yana da ciwon da tsarin da ya tsaya a kan maigida ɗaya yake da shi, don haka kowane muhimmin aiki ya kamata a samu mutum biyu da suka iya shi.

Gado da abin da ya kamata a gwada

Babbar jarrabawar ita ce ranar rabon gado. Shari'a ta ba kowane magaji haƙƙinsa, kuma ba wanda yake neman a taɓa wannan. Abin tambaya shi ne me za a raba. Idan harka ba ta da rajista ba ta da littafi, sai a raba kadara: wannan ya ɗauki inji, wancan mota, 'ya'ya mata a ba su kuɗin sito bayan an sayar, abin da yake kawo riba a haɗe ya zama tarkace. Idan kamfani ne mai hannun jari, hannun jarin ake rabawa bisa kason da Shari'a ta yanka, inji ya ci gaba da juyawa, wanda yake son fita a saye nasa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa wannan, domin yanzu mutum ɗaya yana iya yi wa ƙaramin kamfani rajista shi kaɗai. Amma takardar rajista ba ta koya wa ɗa harka. Sai uba ya zaunar da shi, ko ita, a kan littafi tun yana da ƙarfi, ya bar shi ya yanke shawara, ya yi asarar da gida zai iya ɗauka, a zauna a duba dalili ba tare da tsawa ba.

Gombe tana da kayan aikin gwada wannan. Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004 da Jami'ar Tarayya ta Kashere ta 2011 suna yaye masu ilimin lissafin kuɗi da gudanarwa, da yawansu suna zaune ba aiki, alhali gidajen kasuwanci a Babbar Kasuwa da Tudun Hatsi ba su da mai rubuta musu shige da fice. Kuɗin da hukumomi irin su SMEDAN da ƙungiyoyin agaji suke kashewa a bitar kwana uku zai iya biyan rabin albashin akanta ɗaya na wata tara, ya riƙa zagaya shaguna huɗu ko biyar, ƙungiyar 'yan kasuwa ta tsaya masa lamuni ta kuma ɗaure shi da alƙawarin riƙe sirri. A haɗa wannan da zama na wata-wata tsakanin masu gida shida ko bakwai da ba sa gasa da juna, wani dattijon kasuwa yana jagoranta, kowa ya kawo matsala ɗaya daga littafinsa. Bayan shekara, masu bincike daga jami'o'in nan su koma su kwatanta waɗanda aka yi wa haka da waɗanda aka yi wa bita kawai, su duba ko asusun gida ya rabu da na kamfani, da kuma yawan cinikin da aka yi a makonnin da maigida ya yi tafiya.